Ba Kowane Jini Ne Basir Ba: Cutar Kumburin Hanji Mai Daɗewa a Ƙasar Daura

Duk wanda ya san kasuwannin ƙasar Daura, daga ta cikin gari zuwa ta Mai'aduwa da Zango da Baure da Sandamu, ya san motar nan mai lasifika a ka, wadda ake jero sunayen cututtuka daga cikinta tun hantsi har la'asar. Basir ne kan gaba a jerin: mai tsiro, mai jini, mai sa kasala, mai hana zama. Mutane kan tsaya su saya, sau da yawa ba tare da sun haɗa ido da mai sayarwa ba, domin ciwon da ya shafi bayan gida ciwo ne da kunya ta lulluɓe. Da yawa daga cikin masu sayen nan basir ɗin gaske ke damunsu, ko atini, kuma za su warke. Amma a cikinsu akwai wasu 'yan kaɗan da suka shekara suna ganin jini da majina a bahayarsu, suna ramewa, suna sauya magani daga jiƙo zuwa ƙwayar kemis, alhali abin da ke cin su wata cuta ce dabam da likitoci ke kira kumburin hanji mai daɗewa. Cuta ce da ba a cika ambatonta a nan ba, kuma rashin ambatonta ya sa ake ɗauka babu ita. Matsayar wannan rahoto ita ce, abin da ƙasar Daura ta fi buƙata game da wannan cuta ba tsadaddun allurai ba ne tukuna. Ƙa'ida ɗaya ce da kowa zai riƙe, daga mai kemis zuwa uwar gida zuwa ma'aikacin asibitin ƙauye: jinin da ya daɗe, ko ya tafi ya dawo bayan an sha magani, bincike yake nema, ba ƙarin magani a makance ba.

Cutar iri biyu ce manya. Ta farko ita ce gyambon babban hanji, wadda likitan Ingila Samuel Wilks ya bayyana a Landan a 1859. Tana farawa daga dubura ta haura cikin babban hanji ba tare da tsallake wuri ba, kuma fatar cikin hanjin kawai take ci, ta mayar da ita ja, mai zubar da jini da zarar an taɓa. Ta biyu ita ce cutar Crohn, wadda ta samo sunanta daga Burrill Crohn, ɗaya daga cikin likitoci uku na asibitin Mount Sinai da ke birnin New York da suka bayyana ta a 1932. Ita wannan tana iya fitowa ko'ina daga baki har dubura, amma ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji. Tana kama nan ta tsallake can, kuma tana ratsa kaurin bangon hanjin gaba ɗaya, shi ya sa take iya tsuke hanji har abinci ya kasa wucewa, ko ta huda hanya daga hanji zuwa mafitsara ko zuwa fatar gefen dubura, wurin ya riƙa yoyon ruwa da mugunya. Abin da ya haɗa su biyun shi ne tushensu. Garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, ita ce ke rikicewa ta riƙa kai farmaki kan hanjin mai ita, ta ƙi tsayawa. Akwai hannun gado a ciki, domin masana sun gano wurare fiye da 200 a ƙwayoyin halittar ɗan Adam da ke da alaƙa da ita, akwai kuma hannun abinci da muhalli da ƙwayoyin da ke zaune a hanjin kowa. Ba a ɗaukarta ta cin abinci kwano ɗaya ko shiga bayan gida ɗaya, kuma miji ba ya shafa wa matarsa.

Ta fi kama mutum tsakanin shekara 15 zuwa 35, wato daidai lokacin karatu da aure da neman na kai, kodayake yara da tsofaffi ma ba su tsira ba. Mai gyambon babban hanji yakan ji bahaya ta matsa masa ba shiri, ya je ya tsuguna ya ga jini da majina ne kawai, ya taso ya ji kamar bai gama ba, kuma zawon kan tashe shi cikin dare, abin da zawon damuwa ko na ɓacin ciki bai cika yi ba. Mai cutar Crohn ya fi kukan murɗar ciki, musamman ta gefen dama daga ƙasa, da rama, da zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, da maruru a dubura da ake fasawa ya sake taruwa. Jini kan ƙaranta a jiki, mutum ya yi fari, ya kasa noman da a da yake gamawa kafin azahar. Yaro kan tsaya da girma, balagarsa ta yi jinkiri. Wani lokaci ciwon kan fita daga ciki ya taɓa gaɓoɓi da ido da fata, har da hanyoyin matsarmama a hanta. Halin cutar shi ne ta tashi ta kwanta, ta ba da hutun watanni sannan ta dawo, kuma wannan halin ne ke sa kowane magani da aka sha dab da lafawarta ya karɓi yabon da ba nasa ba. Ɓarnar da ba a gani a gwajin jini ita ce ta zaman jama'a: saurayin da ya daina zuwa sahun gaba a masallaci don kada cikinsa ya juya, ɗalibar da ta bar makarantar kwana, amaryar da dangin miji suka fara raɗe-raɗin cewa an ɓoye musu wani abu.

Shin ba cutar Turawa ba ce?

Wannan ita ce suka ta farko, kuma tana da tushe. Shekaru da dama likitocin da suka yi aiki a Afirka, irin su Denis Burkitt da ya daɗe a Yuganda, suna rubuta cewa cututtukan babban hanji da suka addabi Turai ba a cika ganinsu a ƙauyukan Afirka ba, suka danganta hakan da abincin hatsi da ganye mai yawan dusa. Har yau ma cutar ta fi yawa a Turai da Amurka ta Arewa, inda wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2017 ya nuna fiye da mutum 3 cikin 1,000 na ɗauke da ita a ƙasashe da yawa. An ƙiyasta masu ita a duniya sun kai kusan miliyan 6.8 a shekarar 2017. Amma nazarin nan ya nuna wani abu da ya fi shafarmu: sababbin kamuwa sun daidaita a Turai, suna kuma hauhawa a ƙasashen Asiya da Kudancin Amurka da Afirka da ke sauya salon rayuwa. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce haka ake cewa a Indiya da Sin, wai cutar baƙi ce, yau kuwa asibitocinsu na da sassa na musamman dominta. An kuma ga 'yan asalin Indiya da suka koma birnin Lesta a Ingila suna kamuwa da gyambon babban hanji daidai da Turawan garin, ko ma fiye. Jininsu bai sauya ba, abincinsu da muhallinsu ne suka sauya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Rayuwar Daura ma tana sauyawa a idon kowa. Gari ya faɗaɗa, manyan makarantu irin su kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri sun kawo matasa masu cin abincin shago, taliyar leda da lemon kwalba da kayan gwangwani sun shiga har ƙauyukan da a da tuwon gero da fura da miyar kuka ne abincinsu. Bincike a ƙasashe da dama ya alaƙanta yawan cin abincin masana'anta da yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta tun ƙuruciya da ƙaruwar haɗarin wannan cuta, kuma mu nan ana sayen irin waɗannan magunguna ne kamar ana sayen goro, ba takardar likita. Sai dai ko da ba a yi maganar sauyin rayuwa ba, ƙarancin adadin da ake gani a rubuce yana da wani dalili. Ba a tabbatar da wannan cuta sai an leƙa cikin hanji da kyamara, an tsinko ɗan nama, ƙwararre ya duba shi a madubin likita. Inda na'urar ta yi nisa, likitan hanji ya yi ƙaranci, kuɗin aikin ya fi ƙarfin talaka, dole littafin asibiti ya nuna cutar ba ta da yawa. Rahotannin da likitocin Najeriya suka wallafa daga asibitocin koyarwa sun nuna ana samunta a 'yan ƙasar nan da ba su taɓa fita waje ba, kuma akasarinsu sun daɗe suna shan maganin wani abu dabam kafin a gano. Ƙarancinta a takarda bai isa ya zama hujjar rashinta a jikin mutane ba.

Cututtukan da ke kama da ita

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, kuma likitoci da kansu ke yin ta. Suna cewa a wuri kamar namu, inda ruwan sha ba kullum yake da tsabta ba, mafi yawan zawo mai jini daga ƙwayoyin cuta ne, kuma in aka cika wa mutane kunne da kumburin hanji za a fara bai wa masu atini maganin da zai halaka su. Wannan gaskiya ce tsantsa. Atinin da ƙwayar amiba ke kawowa yana yin gyambo a babban hanji da ke iya ruɗar ko da gogaggen likita. Akwai atinin bakteriya, akwai nau'in tsargiya da ke zama a hanji, wanda masu noman rani da masunta da yaran da ke wanka a madatsun ruwa ke iya ɗauka. Tarin fuka, wanda Najeriya ke cikin ƙasashen da suka fi fama da shi a duniya, yana iya barin huhu ya kama ƙarshen ƙaramin hanji, daidai inda cutar Crohn ta fi so, har hotonsu ya zo kusan ɗaya. Akwai zawon da ke biyo bayan cutar ƙanjamau, akwai kuma sankarar hanji. Maganin kumburin hanji yana aiki ne ta hanyar danne garkuwar jiki, don haka in aka ba mai amiba ko mai tarin fukar hanji, an buɗe wa ɓarawo ƙofa ke nan, cutar za ta bazu, hanji na iya fashewa. Saboda wannan haɗari likitocin Indiya, in sun rasa bambancewa, sukan fara da maganin tarin fuka na wasu watanni su ga yadda jiki zai amsa. Amma a lura, wannan suka ba ta rushe maganarmu ba, ƙarfafa ta ta yi. In cututtuka shida na iya sa rigar juna, kuma maganin ɗaya guba ne ga ɗaya, to mafita ita ce bincike.

A duba yadda abin ke gudana yanzu. Mutum ya tsaya gaban kantar kemis, ya sassauta murya ya ce cikinsa na murɗa yana ganin jini. A ƙirga masa Flagyl da wata ƙwayar kashe bakteriya a ƙulla a leda, wani lokaci a haɗa da maganin tsayar da zawo. Karo na farko ba laifi sosai, domin sau da yawa atini ne. Matsalar ita ce karo na uku da na biyar, mutum ɗaya, kuka ɗaya, leda ɗaya. Ƙa'idar da ya kamata a rataya a kowane kemis da ƙaramin asibiti ba ta da wuya: zawon da ya wuce mako 4, ko jinin da ya dawo bayan cikakken magani, ko wanda ya zo da rama, ƙarancin jini ko tashin dare, a tura shi babban asibiti. In kuwa mutum na fita sau 6 ko fiye a yini da jini, ga zazzaɓi, ga bugun zuciya da sauri, wannan kwanciyar asibiti ce a ranar. A can za a duba bahaya fiye da sau ɗaya, a auna jini, a gwada ƙanjamau, a ɗauki hoton ƙirji. Akwai gwajin bahaya mai suna kalfurotektin da ke nuna ko hanji na kumbure, ya tace waɗanda suke buƙatar kyamara. Ita kyamarar, wadda mutane ke tsoro, aiki ne na kimanin rabin sa'a. Ana kwana a kan ruwa-ruwa, a sha maganin wanke ciki har abin da ke fita ya zama garau, washegari a kwanta ta gefen hagu, a yi allurar kwantar da jiki, a zura siririn bututu mai fitila a bakinsa ta dubura. Likita na kallon bangon hanji a allo, yana tsinko nama ƙanana kamar ƙwayar gero, ba tare da mai jinya ya ji zafin tsinkar ba. Galibi ranar ake komawa gida.

Magani, daga mai araha zuwa mai tsada

Gaskiyar da ya kamata likita ya faɗa tun ranar farko ita ce har yanzu babu ƙwayar da ke tumɓuke wannan cuta, amma akwai magungunan da ke kwantar da ita shekara da shekaru, mutum ya yi aure, ya haihu, ya yi noma da kasuwanci. Jiyyar mataki biyu ce: a kashe tashin da ake ciki, sannan a hana shi dawowa. Ga gyambon babban hanji mai sauƙi ko matsakaici, ginshiƙin shi ne salfasalazin, wanda likitar Suwidin Nanna Svartz ta samar wajen 1940, da ƙanensa mesalazin, wanda ya fi shi sauƙin sha amma ya fi shi tsada. Ana haɗiye su, ana kuma yin matsi da su ta dubura, kuma ga wanda ciwonsa ke ƙasa-ƙasa matsin ya fi saurin aiki, duk da mutane ba sa son jin haka. Salfasalazin na buƙatar a haɗa shi da ƙwayar folik, yana rage ƙarfin maniyyi na ɗan lokaci wanda ke dawowa in an daina, kuma ana taka-tsantsan da shi ga masu wata larurar jini ta gado da ta yawaita a Najeriya, wadda ke sa wasu magunguna su farfasa jajayen ƙwayoyin jini. In tashin ya yi tsanani sai a kawo sitiroyid, irin su firedinisolon. Gwajin da Truelove da Witts suka wallafa daga Okisfod a 1955 shi ya nuna irin wannan magani na ceton rai a mummunan tashi. Amma na makonni ne, ana rage shi sannu a hankali. Wanda ya ji daɗinsa ya ci gaba da saye a kemis wata da watanni zai gamu da kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga da ruɓewar ƙashi, kuma ciwon hanjin bai fasa dawowa ba.

Wanda ciwonsa ke dawowa da zarar an janye sitiroyid, da yawancin masu cutar Crohn, suna buƙatar maganin da ke saisaita garkuwar jiki na dogon lokaci. Azatiyofirin ƙwaya ce tsohuwa, ba ta kai sababbin tsada ba, sai dai takan ɗauki kusan wata 3 kafin ta kama aiki, kuma dole a riƙa auna jini da hanta lokaci-lokaci. Akwai metotireksat, wanda haramun ne ga mai ciki ko mai shirin ɗauka. Sama da su akwai alluran zamani da ake haɗawa daga sinadaran halitta, waɗanda suka fara da infiliksimab da Amurka ta amince da shi don cutar Crohn a 1998, adalimumab da wasu suka biyo baya. Sun sauya rayuwar masu yoyon dubura da waɗanda komai ya ƙi yi musu aiki, kuma tun 2013 aka fara samun kwatankwacinsu masu rangwamen farashi. Amma suna son firji da wutar da ba ta yankewa, suna kuma iya tayar da tarin fuka ko ciwon hanta nau'in B da ke kwance a jiki. A ƙasar da binciken 2018 ya nuna kusan 8 cikin 100 na manya na ɗauke da wannan ciwon hanta, gwaji kafin allura wajibi ne. Ga yara masu cutar Crohn akwai hanyar da ba ƙwaya: a ɗora su kan wani abincin ruwa na musamman shi kaɗai na mako 6 zuwa 8, kuma yana kwantar da kumburin. Tiyata ita ma magani ce, ba alamar an gaza ba. Cire babban hanji na raba mai gyambo da ciwon hanjinsa baki ɗaya. A cutar Crohn kuwa ana yanke wurin da ya tsuke ko ya huje, amma ciwon na iya ɓullowa a wani wurin, don haka magani na ci gaba.

A nan suka ta uku ke shigowa: mene ne amfanin gaya wa manomin Baure sunan ciwon da ba zai iya sayen maganinsa ba? Tambaya ce mai nauyi a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun marar lafiya yake fita. Amma lissafin bai cika ba in ba a sa kuɗin rashin sani a ciki ba. Iyalin da suka shekara uku suna sayen jiƙo da ƙwayoyi, suna ƙarin jini, suna sayar da akuya don zuwa wajen mai magani a wannan gari da wancan, har ƙetaren iyaka ta Kongolam, sun riga sun biya kuɗin kyamara ninki-ninki ba tare da sun sami amsa ba. Ƙarshen irin wannan tafiya sau da yawa tiyatar gaggawa ce cikin dare, wadda ta fi kowace tsada da haɗari. Kuma ba kowane mai cutar ke buƙatar allurar zamani ba. Kaso mai yawa na masu gyambon babban hanji suna zama lafiya da tsofaffin ƙwayoyin nan. Abin da ke kayar da su shi ne yankewar magani, yau akwai gobe babu, ko a samu na jabu. Wannan matsala ce da hukuma za ta iya magancewa. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ta kuma tanadi asusun marasa galihu, Jihar Katsina ma na da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. Sanya leƙen hanji da waɗannan ƙwayoyi cikin abin da ake biya wa mutane, da tabbatar da suna nan a kantin maganin asibiti, ba abu ne da zai karya baitulmali ba, tunda masu buƙatar ba su da yawa.

Ko an samu maganin, sauran aiki na hannun marar lafiya da danginsa. Kuskure mafi yawa shi ne daina sha da zarar jini ya tsaya. Wannan cuta wutar ƙaiƙayi ce, sama toka ƙasa garwashi, kuma kumburin da aka bari yana ci a ɓoye shekara 8 zuwa 10 a babban hanji yana ƙara haɗarin sankara, dalilin da ya sa ake maimaita leƙen hanji lokaci-lokaci. Magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen, waɗanda leburori da 'yan acaɓa ke sha kullum, suna iya tayar da ita. Taba sigari na tsananta cutar Crohn. Game da abinci, dangi kan hana marar lafiya nama da ƙwai da wake da mai har yunwa ta haɗu da ciwo, alhali jikinsa gina shi yake nema. Abin da ya dace shi ne kowa ya lura da abin da ke tayar masa ya rage, mai tsukakken hanji kuma ya guji abinci mai yawan zare. Masu maganin gargajiya ba abokan gaba ba ne, su ne mutane suka fi yarda su buɗe wa ciki, amma sassaƙen da ke gudar da ciki haɗari ne ga hanjin da ke zubar da jini, kuma mai maganin da ya san iyakarsa ya ce a tafi asibiti ya fi kowa taimako. Addu'a da magani ba sa karo. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwamen azumi, malaman fiƙihu sun yi sauƙi a sha'anin alwala ga mai larurar da ba ta yankewa, abin da ya shafi wanda aka buɗe wa mafitar bahaya a ciki bayan tiyata. Mace mai cutar tana haihuwa lafiya, musamman in ta ɗauki ciki ciwon na kwance, kuma kada ta ajiye magani sai da shawarar likita.

Suka ta ƙarshe ita ce ta fifiko. Za a ce ga zazzaɓin cizon sauro, ga tamowa a yara, ga amai da gudawa duk damina, ga mata na mutuwa wajen haihuwa, ina ruwanmu da ciwon mutum ɗaya cikin dubbai? Ba wanda zai ce a ɗebe kuɗin rigakafi a sayi kyamara. Amma hanyar da ake nema a gina ba ta wannan cuta kaɗai ba ce. Ma'aikacin da ya koyi tura mai jinin da ya daɗe zai kama tarin fukar hanji, wanda maganinsa kyauta ne kuma ana warkewa. Zai kama amibar da ba a kashe da kyau ba. Zai kama sankarar hanji, wadda likitocin Najeriya suka daɗe suna kokawa cewa tana zuwa musu a makare, a jikin mutanen da ba su tsufa ba, da yawansu bayan doguwar jinyar basir. Na'ura ɗaya da likita ɗaya da ɗakin gwaji ɗaya ne ke wannan aiki duka. Jihar Katsina ma ta riga ta ga abin da ke faruwa in aka fito da ciwon kunya fili. Matan da ke fama da yoyon fitsari sun daɗe a ɓoye a bayan ɗaki, har likitan Holan Kees Waaldijk ya fara yi musu aiki a Babbar Ruga a shekarun 1980. Da labari ya bazu cewa ana gyarawa, sai mata suka yi ta fitowa daga inda ba a taɓa zaton suna nan ba, wurin ya zama cibiyar ƙasa. Masu ciwo na nan tun da, wurin zuwa ne babu.

Daura ba daga sifili za ta fara ba. Tana da cibiyar lafiya ta tarayya, tana da asibitin sojojin sama da aka buɗe a 2019, ga asibitin koyarwa na tarayya a Katsina, ga na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya inda ƙwararrun hanji da masu duba nama suke. Abin da ya rage shi ne a ɗinke tsakaninsu. A horar da masu kemis da ma'aikatan ƙananan asibitocin ƙananan hukumomi biyar na masarautar kan alamomin da ke wajabta turawa. A tsayar da rana sananniya da ake leƙen hanji a Daura, ko da likitan zai riƙa zuwa ne daga Katsina ko Kano, tare da tsarin aika nama da dawo da sakamako cikin makonni. A buɗe rajistar waɗanda aka tabbatar suna da cutar, domin hukuma ba ta ware kuɗi ga abin da ba ta da adadinsa, kuma ƙungiyar likitocin hanji da hanta ta Najeriya na da ƙwarewar taimakawa a nan. Fadar Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar, da hakimai da limamai, sun sha nuna tasirinsu a yaƙin rigakafin shan inna, kuma kalma ɗaya daga mumbari cewa nuna wa likita ciwon dubura ba zubar da mutunci ba ne za ta isa inda sanarwar ma'aikatar lafiya ba ta isa. Kafin duk wannan ya tabbata, akwai abin da kowane mai gida zai iya yi yau. In ɗansa ko matarsa ko ƙanensa ya wuce wata guda yana ganin jini, ya daina saya masa magani, ya kai shi asibiti, ya kuma tambayi likita kai tsaye ko lokacin leƙa hanjin ya yi.